Zango da mai kwanan waje: wa ke da alhakin ba shi masauki?

Yau ina so mu waiwayi tarihin wata magana da ba a cika tayar da ita ba, wato maganar mutumin da dare ya yi masa ba shi da ɗaki, sai rumfar kasuwa ko tashar mota ko barandar masallaci, da kuma yadda hukuma ke yi da shi.

Sunan garinmu ma kansa amsa ne. Zango wuri ne da fatake ke yada kaya su kwana. Tun kafin zuwan Turawa ayari ke biyowa ta ƙasar Katab, su huta su ba jakuna ruwa, daga nan wasu suka zauna har gari ya kafu a tsakiyar Katafawa, waɗanda ke kiran kansu Atyap. A tsarin fatauci na da, baƙo ba ya rasa makwanci, domin akwai mai masauki, wanda zai sauke shi a zaure, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, shi ma ya samu nasa rabon idan an yi ciniki. Ba sadaka ce zalla ba, sana'a ce, shi ya sa ta daɗe. Mahaifina ɗan kasuwa ne, kuma yakan ce a ƙuruciyarsa ba a kulle zaure da daddare, ko mahaukacin unguwa an san inda tabarmarsa take. Da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920, sai tasha ta zama wani sabon zangon, mai jiran jirgi ya shimfiɗa buhu ya kwana ba mai ce masa kanzil.

Ita kuwa doka da wani ido ta zo. A Ingila tun 1824 suka yi dokar da ta mai da bara da kwanan titi laifi, kuma irin wannan tunani ne ya shigo cikin kundin Final Kot na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960, inda aka ware sashe kan masu zaman banza da masu gararamba. Sai a 1989 gwamnatin Babangida ta yi dokar soja da ta hana kama mutum don kawai an gan shi yana yawo. A Disamba 2020 kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa haƙƙin talaka.

To ga abin da ya fi ba ni mamaki. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a, akwai maƙabartu, sannan akwai gina gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kula da su. Rubuce yake ɓaro-ɓaro. Amma ku faɗa mini, wane ciyaman kuka taɓa ji ya yi kamfe da wannan? Kuɗin rumfa da na tasha kam ba a mantawa da karɓarsu, ko ranar da ake ruwa.

Mu a Zango mun san ƙarfin ƙaramar hukuma a kan wurin jama'a fiye da kowa. An yanke ƙaramar hukumar Zangon Kataf daga Kachia aka sa hedikwata a Zonkwa, sai majalisarta ta yanke shawarar ɗauke kasuwa daga cikin gari zuwa sabon wuri. Katafawa na ganin tsohuwar kasuwar ta matse kuma ba su da rumfuna a cikinta, namu na ganin za a karya musu ciniki ne. Ranar 6 ga Fabrairu 1992 rikici ya ɓarke, a watan Mayu ya dawo da muni har ya kai Kaduna da Zariya. Ba a haife ni ba lokacin, kuma ba shari'ar wa ya fara nake yi a nan ba, an yi kwamitin Mai shari'a Rahila Cudjoe an yi kotun Okadigbo, har yau kowane ɓangare da nasa labarin. Abin da nake so mu tuna shi ne, masu gidaje da shaguna, waɗanda jiya su ke sauke baƙi, sun wayi gari suna neman inda za su sa haƙarƙari a garuruwan mutane. Bayan zaɓen Afrilu 2011 haka ta sake faruwa ga mutanen Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa, da yawansu suka yi shekaru a sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Tun daga nan jiha ce ke ta magana, ƙaramar hukuma shiru. Bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar Sabon Garin Zariya ranar 7 ga Yuli 2015, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana bara da talla a tituna, nakasassu suka fito zanga-zanga, a 2016 aka mai da abin doka. Ba na raina dalilin tsaro, kowa ya ga abin da ake ciki a lokacin. Amma hana bara da rana bai ce komai ba game da inda mutum zai kwana da dare.

A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Kaduna ta ce ta kwashe sama da 30,000, Kano ma ta loda nata ta aiko, motoci suna ta saɓani a hanya. Wannan kalma ta "asali" ita ce ke tsaya mini a rai. Yaron da aka haifa a Zango, aka haifi kakansa a Zango, in ya tsinci kansa yana kwana a tashar Kawo, ina za a mayar da shi? A Kaduna za a ce ɗan kudu ne, a wajen neman takardar shaidar ɗan ƙasa kuma wani ya tambaye shi daga ina kakanninsa suka zo. Duk manufar da maganinta shi ne a kai mutum garinsu, mu ta fi shafa, domin mu ne ake jayayya a kan garin namu.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Yadda ake aiwatar da hukuncin wata magana ce daban, amma uzurin "kuɗi na hannun gwamna" ya fara rauni. Don haka 'yan uwa da ke Zonkwa da Kafanchan, in kansila ya zo neman ƙuri'a, a buɗe masa jadawali na huɗu a nuna masa layin gidan gajiyayyu, a tambaye shi nawa aka ware masa a kasafin bana, kuma wa za a bari ya kwana a ciki, mai takardar asali kaɗai ko duk wanda dare ya riska.