Tsibiran Yawuri: Daga Kwalekwalen Gungawa Zuwa Tafkin Kainji

Mutumin Kazaure ko Roni ya tashi ne cikin duwatsu, na Babura da Gwiwa kuma cikin gonakin jigawa, kuma babban ruwan da akasarinsu suka saba gani shi ne na dam. Shi ya sa in aka ce ana shiga ƙaramin jirgin ruwa ana zaga tsibirai, hankali kan tafi Karibiyan ko Seshel, inda masu kuɗi ke zuwa hutu. Alhali kuwa ƙasar Hausa na da nata tsibiran, a kogin Kwara, cikin masarautar Yawuri ta Jihar Kebbi, kuma an daɗe ana zirga-zirga a tsakaninsu.

A Yawuri kogin ya baje, ya rarrabu, ya bar tudun ƙasa a tsakiya, wanda ake kira gungu. Mazauna wurin su ne Gungawa, masu kiran kansu Reshe. Ambaliyar kowace shekara takan bar musu laka mai albarka, sai su shuka albasa da rani, su yi hatsi da damina, su kama kifi a tsakani. Komai nasu a kan ruwa yake. A kwalekwale ake kai amarya, a cikinsa ake zuwa gaisuwar mutuwa. Ranar kasuwa, tun da jijjifi za ka ga an jera buhunan albasa da kwandunan banda, matuƙi na tsaye a baya yana dogara gora inda ruwa bai da zurfi, in ya shiga tsakiya ya koma filafili. Daga baya Sarkawa, masuntan Kabi, suka gangaro da tarunansu suka zauna tare da su.

Tsibiran sun zama mafaka ko ga sarakuna. A tsakiyar ƙarni na 19, da yaƙin basasa ya rikita Bin Yawuri, tsohon mazaunin sarautar, fadar ta ƙaura zuwa gungun Ikum, inda mahayin doki ba ya iya kaiwa. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da sarauta a Yelwa, a bakin kogi.

Turawan farko ma ta nan suka bi. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya taso daga Sansandin, a Mali ta yau, cikin wani jirgi da ya harhaɗa da kwalekwalen gargajiya ya sa masa suna Joliba. Ya iso Yawuri a farkon 1806, a nan jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka hauro daga Busa zuwa Yawuri suna neman takardunsa. Matuƙan ƙasar ne suka ratsa da su ta tsakanin tsibirai, kuma a wannan tafiya ce suka bi kogin har teku.

Abin da yaƙi bai yi ba, madatsar ruwa ta yi. An fara gina Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya fi kilomita 130 a tsawo, ya haɗiye tsohuwar Busa da yawancin tsibiran, har da babban ɓangaren gungun Foge. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, aka gina musu sababbin ƙauyuka a gaɓa. Bagunge da ya saba gonarsa na kewaye da ruwa ya wayi gari a kan tudu, kuma a cuɗanyar da ta biyo baya harshen Reshe ya ci gaba da ja da baya a gaban Hausa.

Duk da haka jirgi bai mutu ba, inji aka ɗaura masa. Ana ci gaba da jigilar 'yan kasuwa zuwa Yelwa da Wara. Bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a zamanin Sarki Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana tara jama'a kallon tseren kwalekwale da kiɗa a kan ruwa.

Sai dai tafiyar na cin rai. Itatuwan da tafkin ya shanye sun bar kututture a ƙarƙashin ruwa, ga tsufan jirage, ga lodin da ya wuce ƙima. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, 'yan kaɗan suka tsira. A Nuwamban shekarar, a dam ɗin Watari da ke Bagwai, a Jihar Kano, wani ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi.

Yawuri na da ruwa, da tarihi, da matuƙan da suka gaji sana'ar, abin da zai iya janyo baƙi daga Kano, Katsina da Jigawa. Amma kafin a gayyaci baƙo, wajibi ne hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da gwamnatocin jihohi su cire kututturen, su ƙayyade lodi, su hana tafiyar dare, su tabbatar kowane fasinja ya sa rigar kariya, a Kainji da kowane dam da ake shiga kwalekwale.