Awon Kayan Gini da Haske: Tarihinsa da Amfaninsa ga Nazarin Ƙasar Kano

Manufar wannan takarda ita ce mu bi tarihin dabarar gane sinadaran ƙasa da duwatsu ta hanyar haske, sa'an nan mu nuna abin da za ta ƙara wa tarihin gine-ginenmu.

Asalin dabarar a Jamus yake. A 1859 Bunsen da Kirchhoff na Jami'ar Heidelberg suka tabbatar cewa kowane sinadari, in an ƙona shi, yana fid da haske mai layukan launi nasa na kansa. A 1913 kuma Moseley ya nuna a Ingila cewa hasken eksire yana bambanta sinadarai da irin wannan alama. Daga nan aka sami na'urorin da a yau ake haska bango da su, su bayyana yawan ƙarfe, alminiyam ko sinadarin farar ƙasa da ke cikinsa, ba tare da an fasa shi ba. Irinsu aka yi amfani da su wajen auna dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010.

Idan muka juyo ƙasar Kano, Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Tarihi ya riƙe sunayen sarakuna. Haɗin da magina suka yi kuwa, na baka ne. Sun san birji, sun san makuba daga ɓawon ɗorawa, sun san laso da ake haɗawa da katsin marina, gashin jima da dafara. Awo yana fassara wannan sani. Jan launin tubali tsatsar ƙarfe ce. Katsi yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa daga tokar da ake zuba wa baba. Haske na ƙasa da ja kuma yana gane ragowar tsirrai a cikin yaɓe.

Dawakin Tofa, wadda ta shahara da ginin tukwane, wuri ne da ya dace a fara. Yumɓu irin na kawolin yana rasa siffarsa a zafin da ya kai digiri 500 zuwa 600, don haka katanga guda tana iya faɗin irin gashin da aka yi mata. In aka auna kududdufai da ramukan yumɓu aka zana taswirarsu, za a iya danganta bango ko tukunya da ramin da aka haƙo ƙasarta.

Gaggawar al'amarin a fili take. Ana cike kududdufai, bulo yana maye gurbin tubali, tsofaffin magina suna ƙarewa. Siminti kuwa, in an yaɓa shi a kan ginin ƙasa, yana tsare damshi har bangon ya ruɓe daga ciki.

Saboda haka muna ba da shawara sassan tarihi da na kimiyya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello su haɗa hannu, a yi awon tare da magina da maginan tukwane, a rubuta kowane haɗi da sunansa na Hausa tun masu shi suna da rai.