Majigi da Baje Kolin Yawo kan Muhalli a Ƙasar Gobir

Baje kolin yawo kan muhalli wata hanya ce ta wayar da kan jama'a, inda ake ɗaukar kayan nuni kamar hotuna da taswira da fim da dashen itatuwa, a kai su gari gari, a baje su a kasuwa ko ƙofar fada ko filin makaranta, domin mutane su ga halin da gonakinsu da ruwansu da dazuzzukansu suke ciki. A ƙasar Hausa, nau'in da ya fi daɗewa kuma aka fi sani shi ne majigi, wato silimar da ake yawo da ita a mota. Hanyar ta dace da gabashin Jihar Sakkwato, wato ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni da ƙauyukansu irin su Kamarawa, inda mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya, kuma bayanin da aka buga da boko ba ya isa ga kowa.

Asali

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila da ake haska hotuna da ita a jikin bango. Daga baya sunan ya koma kan motar silima ta gwamnati. Wani jami'in kiwon lafiya ɗan Ingila mai suna William Sellers yana cikin waɗanda suka fara amfani da fim wajen faɗakarwa a Najeriya, lokacin da yake aikin yaƙi da annoba a Legas. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa hukumar Colonial Film Unit, ta ɗora shi a kanta. Bayan haka gwamnatin Jihar Arewa ta samu nata sashen shirya fim a Kaduna, kuma motocinta suka riƙa zagaya larduna.

Tsarin aikin sananne ne. Mota takan iso da rana ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim da lasifika da farin ƙyalle. Ma'aikata su gai da hakimi ko dagaci, sanƙira ya yi shela, bayan sallar isha'i jama'a su taru a fili. Ba a biyan ko kwabo. Mai sharhi yana tsaye a gefe yana bayani da Hausa, kuma sau da yawa ƙwarewarsa ce ke sa a fahimci saƙon ko a tashi da dariya kawai. Ana nuna labarun gwamnati, sannan fina-finan tsafta da noma. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Baban Larai, na shekarun 1950, mai koyar da noman zamani. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin tarihin majigi a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Fina-finan zamanin Turawa suna da wata illa da masana suka sha ambata. Yawancinsu an gina su ne a kan mutum biyu, ɗaya mai bin shawarar ma'aikaci ya ci riba, ɗaya mai ƙin ji ya tafka asara. Wannan ya mai da manomi tamkar wanda bai san komai game da ƙasarsa ba, alhali shi ne ya san inda ruwa ke kwanciya da inda rairayi ke tahowa.

Matsalolin muhalli a yankin

Isa da Sabon Birni suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir, kusa da kufan Alkalawa, babban birnin da ya faɗi a 1808. Sabon Birni tana iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuma tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. A tudu ana noma gero da dawa da wake, a fadama kuma shinkafa da albasa da sauran kayan lambu.

Gulabe ne ginshiƙin rayuwar yankin. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shiga Nijar ya ratsa Maraɗi da Tsibiri, sannan ya komo Najeriya ta wajen Sabon Birni. A wannan yanki ne ruwansa ke haɗuwa da na Bunsuru da Gagare su zama Gulbin Rima, wanda aka tare a madatsar ruwa ta Goronyo. Saboda haka abin da aka yi wa ruwa ko itace a wata jiha, ko ma a wata ƙasa, yana bayyana a fadamar manomin Isa. Irin wannan alaƙa tana da wuyar bayyanawa da baki, amma taswira guda da aka shimfiɗa a ƙasa takan nuna ta nan take. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima har ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana cikin misalan da mutanen jihar ba su manta ba.

A tudu kuwa matsalar ita ce ƙarancin itatuwa, da zaizayar ƙasa, da iskar farkon damina mai binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun tsananta lamarin. Saran itacen girki da na gawayi ya rage dazuzzuka irin su Gundumi. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Najeriya, wadda aka kafa da doka a 2015, take aiki a cikinsu. Tana kuma cikin jihohin Arewa 19 na shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021 da kuɗi dala miliyan 700. Dukkan shirye-shiryen biyu suna bukatar yardar mai gona kafin itace ya rayu.

Abin da ake bajewa

Kayan nuni sun bambanta gwargwadon ƙarfin masu shiryawa. Akwai hotunan wuri guda da aka ɗauka a shekaru daban-daban, da dashen dogon yaro da gawo da zogale a leda, da murhu mai tattalin itace da ake hura shi kusa da murhun duwatsu uku don mata su kwatanta da idonsu. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a zuba ruwa a kan ƙasa tsirara da kuma ƙasar da aka rufe da karmami, a ga wadda ta fi zubar da laka. Wasan kwaikwayo da waƙa sukan jawo taro kafin a fara bayani.

Lokaci da wuri suna yanke hukuncin wanda zai gani. Ranar kasuwa tana tara maza daga ƙauyuka da yawa, amma matan aure da ke kulle ba sa zuwa, ga shi kuma su ne masu girki da itace. Don haka nunin da ake son ya isa gare su sai an shiga da shi gidaje ko makarantun Islamiyya ta hannun mata ma'aikata. Makiyaya ma sai an bi su ruga ko mashaya, kuma da Fulfulde.

Darasin Maraɗi

Misali mafi kusa na yadda gani da ido ke sauya aikin gona yana ƙetaren iyaka. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, sai su zama itace cikin 'yan shekaru ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani.

A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu ne suka zama abin kallo: maƙwabta suka ga sun samu itacen girki da abincin dabbobi, iska kuma ta rage lalata musu shuka. Daga nan dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, ta hanyar ziyarar gonaki da hirar kasuwa da rediyo. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A nan gonar ce kayan nunin, mutane ne suka yi yawon. Tun kafin wannan, a 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Nijar sun fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya da ke Jihar Tawa, wanda shi ma ya zama wurin da ake kai baƙi su gani.

Silimar yawo ba ta mutu ba a can. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, wadda aka kafa a 2001, tana kai fim ƙauyukan Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, a nuna shi da dare, sannan a miƙa wa jama'a makirfo su yi muhawara. Wannan muhawarar ita ce babban abin da tsohon majigi ya rasa.

Matsalar tsaro

Baje kolin yawo yana bukatar abu uku: hanya mai biyuwa, da taro, da dare ko ranar kasuwa mai kwanciyar hankali. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun taɓa dukkan ukun. Kamarawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita suna cikin wuraren da aka sha kai wa hari, kuma jama'a da dama sun yi hijira zuwa garin Isa ko suka tsallaka Jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. A cikin watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14.

Rashin tsaron ya sauya muhallin kansa. Gonakin nesa sun koma saura, yayin da na bakin gari ake noma su ba hutu, kuma itacen da ke kusa da garuruwan da 'yan gudun hijira suka taru shi ne ke fara ƙarewa. Saƙon da a da mota ke kaiwa fili, yanzu ya fi bi ta rediyo, da huɗubar Juma'a, da gajerun bidiyo da ake tura wa juna daga waya zuwa waya ko ta WhatsApp a inda akwai sabis.