Hannuwan Dokas a Yadakunya

A shekara ta 1937 Mishan ta S.I.M. ta karɓi aikin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A zamanin nan akan raba jariri da uwarsa kuturwa, domin kada ya kamu. To, wa zai tufasar da shi sa'anda hunturu ya sauko? Matan ekklesiyoyi na nesa suka ɗauki allura da zare, suka saƙa 'yan riguna, da bandeji na auduga domin gyambo.

Yau kuturta tana warkewa da magani, ba a raba uwa da ɗanta. Amma marayu ba su ƙare ba. 'Yan'uwa mata, Dokas ta Yafa ɗinki ta yi, gwauraye kuwa suka yi kukan rashinta. Ina allurarku?