Girgizar Ƙasa a Tarihin Ankara

Abossey Okai unguwa ce a birnin Accra, wanda Hausawa ke kira Ankara. An san ta da babban masallaci da kasuwar kayan gyaran mota, kuma tana maƙwabtaka da Sabon Zango. Amma ba kowa ya san cewa girgizar ƙasa tana cikin dalilan bunƙasarta ba.

Don a fahimci wannan, sai a fara duba yadda duniya take. Masana sun gano cewa ɓawon duniya ba a dunƙule yake ba. A rarrabe yake gida-gida, kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke. Waɗannan manyan faya-fayai suna zaune ne a kan dutse mai tsananin zafi, suna tafiya a hankali, misalin yadda farce ke tsirowa. Inda biyu suka yi karo, duwatsu sukan taso. Inda suka rabu, teku yakan buɗe. Inda suka gogi juna kuwa, sai ƙasa ta girgiza. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ne ya ce nahiyoyi suna tafiya, a shekarar 1912, amma sai a shekarun 1960 masana suka yarda da maganarsa.

Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, gaɓar Gana a manne take da ƙasar Birazil. Da Afirka da Amurka ta Kudu suka rabu, sai Tekun Atlantika ya shiga tsakaninsu, kuma har yanzu faɗi yake ƙarawa. Ankara ba ta bakin faifai, amma akwai tsofaffin tsagogi a ƙarƙashinta. Ɗaya ta biyo duwatsun Akwapim, ɗaya kuma ta bi gaɓar teku. Sun haɗu a yammacin birnin, wajen Weija. Idan ƙarfi ya taru a wurin, dutse yakan zame, birni ya motsa.

An yi babbar girgiza ran 10 ga Yuli, 1862, wadda ta lalata gidaje da ganuwar Turawa ta Osu. Duk da haka, Turawan Ingila suka mai da hedkwatar mulkinsu Ankara daga Cape Coast a 1877. Daga nan gari ya cika, fatake da malamai Hausawa suka ƙaru, zangogi suka faɗaɗa.

Wadda ta fi zama a zukatan mutane ita ce ta ran 22 ga Yuni, 1939. Ta auku ne da daddare, bayan ƙarfe 7, ƙarfinta kuwa ya kai wajen 6.5 a ma'aunin girgizar ƙasa. Mutum 17 suka rasu, 133 suka ji rauni, gidaje da yawa suka rushe, musamman a tsofaffin unguwanni na bakin teku. Saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta gina wa waɗanda suka rasa muhalli sababbin gidaje a wurare kamar Korle Gonno, Kaneshie da Abossey Okai. Ta haka birnin ya miƙa yamma, wato ya ƙara matsawa kusa da mahaɗar tsagogin.

Ƙasa ta sake motsawa a 1997, 2018, 2020 da 2022, ko da yake ba ta yi ɓarna mai yawa ba. To amma Ankara ta yau ba ta 1939 ba ce. Miliyoyin mutane ke zaune cikinta. A Nima da Maamobi gidaje a cunkushe suke, lunguna kuma ƙanana, har motar ceto ba ta iya shiga wasunsu. Babu mai iya hana faifan ƙasa tafiya, babu kuma masanin da zai faɗi ranar girgiza. Abin da ke hannun mutane shi ne ingancin tubali da ƙarfen gini, da barin hanya tsakanin gidaje. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.