Maki uku a Creedmoor, 1874

1/ Ranar 26 ga Satumba 1874, maharba shida daga Ayalan suka kara da shida na Amurka a Creedmoor, kusa da New York. Nisan: yadi 800, 900 da 1000.

2/ A yadi 1000 idonka ba zai nuna maka inda harsashi ya sauka ba. Shi ya sa ake girke madubin hangen nesa a bayan maharbi, wani yana lura da allo da iska.

3/ Amurka 934, Ayalan 931. Joshua Millner na Ayalan ya sami tsakiyar allo cif, sai dai allon wani ne. Maki huɗu suka tafi a banza. Ku yi lissafin da kanku.

4/ Yau masu saye suna rububin madubi mai girmamawa sau 60. To, da tsakar rana kawalwalniya tana dagula hoton, dole ka sauko wajen sau 20 ko 30. Kuma kawalwalniyar nan ce gwanaye ke karantawa su gane inda iska ta dosa. Ka fara duba ingancin gilashi da ƙafafun da ba sa rawa.