Dokin da Ba Ya Barin Iri: Tarihin Kuɗi a Tseren Tsallake Shinge

Tseren dawaki a Birtaniya da Ireland iri biyu ne, wato na shimfiɗaɗɗen fili, inda sauri kaɗai ake nema, da na tsallake shinge, inda doki ke yin doguwar tafiya yana ƙetare shingaye da ramukan ruwa, galibi a lokacin sanyi. Abin da ya raba su ta fuskar dukiya shi ne haihuwa, domin ingarman da ya yi fice a fili yakan koma barga ana biyan kuɗi masu yawa don ya yi wa goɗiyoyi barbara, kamar Frankel wanda aka yanka wa fam 350,000 a kan kowace goɗiya a 2024, alhali mafi yawan dawakin shinge dandaƙaƙƙu ne, waɗanda aka fiɗiye tun suna ƙanana don su yi natsuwa. Mai irin wannan doki babbar hanyarsa ta mayar da kuɗinsa ita ce kyautar da aka sa wa tsere, kuma tarihi ya nuna cewa kyautar ba ta cika rufe ɗawainiyar ba.

Ana danganta asalin wasan da yankin Cork na Ireland, inda aka ruwaito cewa a 1752 Cornelius O'Callaghan da Edmund Blake suka yi tsere daga cocin Buttevant zuwa na Doneraile, suna tsallake duk abin da ya tare musu hanya. A wancan zamani masu dawakin ne ke ajiye kuɗi daga aljihunsu, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Harkar ta shiga hannun 'yan kasuwa sa'ad da William Lynn, mai masauki a Liverpool, ya yi hayar fili a Aintree a 1829, kuma a nan aka yi tseren da ake lissafawa a matsayin Grand National na farko a 1839, wanda Lottery ya ci, dokin wani dillalin dawaki mai suna John Elmore.

Duk da farin jinin wannan tsere, sauran gasannin shinge sun daɗe da ƙarancin kuɗi, har ma Kofin Zinariya na Cheltenham, wanda a yau ake ɗauka a matsayin ma'aunin zakaran dawakin shinge, fam 685 kacal ya bai wa Red Splash da ya ci na farko a 1924. Saboda haka attajirai masu neman suna ne suka riƙe wasan, irin su Dorothy Paget, mai Golden Miller, wanda ya ci kofin sau biyar a jere daga 1932 zuwa 1936, ya haɗa da Grand National a 1934, da kuma Anne, matar basaraken Westminster, wadda ta sayi Arkle a 1960 a kan gini 1,150, gini kuwa fam ɗaya ne da sule ɗaya, dokin ya ci kofin sau uku daga 1964 zuwa 1966.

Kuɗin da ba na masu dawaki ba ya shigo ta ƙofa biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta farko ita ce tallar kamfanoni, wadda kamfanin giya na Whitbread ya buɗe a 1957 da ya ɗauki nauyin wani tsere a Sandown, kamfanin Hennessy ya bi sahu a wannan shekara. Ta biyu ita ce harajin caca, domin da aka halatta shagunan caca a 1961, an kafa hukumar da ke karɓar wani kaso daga hannun kamfanonin caca tana zubawa a kyaututtuka da kula da lafiyar dawaki, sannan a 2017 aka tsayar da kason a kashi goma cikin ɗari na ribarsu a kan tseren Birtaniya, aka kuma haɗa da kamfanonin da ke aiki daga ƙasashen waje. Ta haka arzikin mai doki ya rataya a kan yawan masu caca.

Filin Aintree kansa ya kusa salwanta a wannan tsakani, domin mai filin, Mirabel Topham, ta bayyana niyyar sayar da shi a 1964, ta kuma sayar wa Bill Davies a 1973 a kan fam miliyan uku, har sai da ƙungiyar Jockey Club ta karɓe shi a 1983. A waɗannan shekaru na zullumi Red Rum, wanda mai horarwa Ginger McCain ya saya wa Noel Le Mare a kan gini 6,000, ya ci Grand National a 1973 da 1974 da 1977, ya dawo da hankalin jama'a ga tseren. Jimlar kyautar tseren ta kai fam miliyan ɗaya a 2014, amma ana raba ta tsakanin dawakin da suka zo kan gaba, kuma daga rabon kowane doki ake cire na mai horarwa da mahayi da ma'aikatan barga.

Farashin dawakin kuwa ya fi kyautar saurin hawa. J. P. McManus ya sayi Jonbon a gwanjo a kan fam 570,000 a 2020, sannan a 2024 Alex Ferguson da abokansa suka biya yuro 740,000 a kan Caldwell Potter, kuɗin da ya wuce abin da zakaran Grand National ke samu, ban da kuɗin horo da abinci da likita da sufuri na kowane wata. Ko attajirai sukan ji nauyin ɗawainiyar, kamar yadda Michael O'Leary, shugaban kamfanin jiragen sama na Ryanair, ya kwashe dawaki kimanin 60 daga bargar mai horarwa Willie Mullins a 2016 saboda ƙarin kuɗin horo.

Masu ƙaramin ƙarfi sun samu shiga ta hanyar karo-karo, inda mutane da yawa ke mallakar doki ɗaya su raba ɗawainiyarsa. Mafi shahara a cikinsu su ne mutanen ƙauyen Cefn Fforest na Wales, waɗanda Jan Vokes ta haɗa, kowa yana bayar da fam goma a mako, har dokinsu Dream Alliance ya ci babban tseren shinge na Wales a 2009, amma da aka cire kuɗin horo da na magani, abin da ya rage wa kowannensu bai kai fam dubu biyu ba. Wannan shi ne sakamakon doki mai nasara, kuma yawancin dawakin da ke cin abinci a barga ba su taɓa cin babban tsere ba, shi ya sa ɗorewar wasan ta dogara ga samun mutanen da suka yarda su yi asara a kowace shekara don a ga launin rigarsu a filin tsere.